Shekarar da Muka Daina Rufe Tagogi

Ku da kuke wucewa ta bakin rumfarmu a Utako kuna cewa ai goge katako ne kawai, ku matso ku zauna. Ko shekaranjiya wani matashi ya tsaya yana kallona ina kankare ƙafar kujera, ya ce wai a waya ya ga ana gama irin wannan cikin minti biyar. Na miƙa masa abin kankarar na ce bismilla. Bai yi minti biyu ba ya yi wa katakon rami, ya haɗa da babban yatsansa. Sunana Sule, na haura sittin, kuma aikina shi ne in cire wa tsohon katako tsohon fenti da tsohon mai, in mayar da shi yadda mai shi zai rantse ba nasa ba ne. A bakin aikin nan gashina ya yi fari.

Aikin farko da aka ba ni turmi ne. Na zo daga wajen Zariya lokacin da garin nan yake rabi daji rabi siminti, gwamnati ba ta kwaso kayanta daga Legas ba tukuna. Na faɗa hannun Baba Shekwolo a Durumi, dattijo ɗan Gbagyi, manomin doya ne da damina, da rani kuma yana sassaƙa turmi da kujerun zama. Ya ajiye mini wani baƙin turmi da ya sha hayaƙi, ya ɗauko kwalba ya naɗe a buhu ya buga da dutse, ya zazzage a ƙasa ya ce in zaɓa. Na ɗauki mafi girma. Ya yi tsaki.

"Kai Sule, wannan na yanka mutum ne. Duba wanda bakinta ya lanƙwasa kaɗan. Shi ne yana aski katako."

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, amma hannunsa bai taɓa kuskure ba. Wata uku na yi ina kankara da fasasshiyar kwalba kafin ya yarda in taɓa samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Ana kwantar da gilashin ne, a ja shi ta inda jijiyar katakon ta bi, sai ka ga tsohon mai yana tashi siriri yana naɗewa. In ka ja a karkace, ka ɓata. In ka danna da ƙarfi, ka ɓata. In ka yi fushi da matarka da safe, to ranar kada ka taɓa kayan mutane.

Sai aka fara kwaso gwamnati. Tabɗi! Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Tireloli ne jere suna shigowa da tebura da kabad-kabad da kujerun ofis, duk sun sha danshin Legas, sun yi fumfuna, hanya kuma ta kakkarce su. Ofisoshin jakadanci suna buɗewa, manya suna tarewa a Maitama, kowa yana son katakonsa ya yi ƙyalli kafin baƙi su zo. Aiki ya fi ƙarfin kwalba. A nan ne 'yan kwangila suka kawo mana wani ruwa mai kauri a galan, mu rimuba muke ce masa. Ka shafa da buroshi, ka juya baya ka juyo, fenti ya kumbura ya tattare kamar fatar kunu, sai ka share. Abin da kwalba za ta ci sati, shi yini ɗaya ne. Wallahi mun so shi. Baba Shekwolo ne kaɗai ya shinshina sau ɗaya ya mayar da murfin, ya ce shi ya tsufa da sabon abu, ya koma gonarsa.

A lokacin ne na haɗu da Bitrus, mutumin Filato, ƙato mai faɗin ƙirji, mawaƙin coci. Tare muke karɓar aiki. Shi ba ya iya aiki baki rufe, daga safe har yamma yana rera waƙoƙinsu da wata babbar murya, har masu gadi su leƙo. Ina ce masa fasto, yana ce mini liman.

To ga kuskurenmu, ku saurara da kyau, domin namu ne, ba wanda ya sa mu. Iska tana busar da rimuba kafin ya ci fenti. Sannan titunan Maitama a lokacin jar ƙasa ce, tifa tana wucewa ƙura ta shigo ta zauna a kan aiki. Saboda haka duk ɗakin da muka shiga, abin farko shi ne mu rufe tagogi ruf, mu ja ƙofa, mu cusa tsumma a ƙarƙashinta. Wanda ya bar taga a buɗe, sabon shiga ne, dariya ake yi masa. Jiri kuwa da ciwon kai, mun ɗauka na aikin ne. Kuma ai muna da magani: madarar gwangwani. Kowane ɗan kwangila ya san dole ya ba kowa gwangwani ɗaya da yamma, mu huda mu shanye, wai tana wanke guba. Na taɓa barin aiki saboda an hana ni madara, amma ban taɓa barin aiki saboda an rufe ni a ɗaki ba. Ku ji wauta.

Wani ɗakin karatu ne a Maitama, an lulluɓe bangonsa da katako daga sama har ƙasa. Muka raba, ni sama a kan tsani, Bitrus ƙasa a durƙushe. Da azahar ta yi na fita, na ja ƙofar da kyau don kada iska ta shiga, na ari buta wajen mai gadi. Ina alwala ina jin muryarsa ta bango. Ina cikin raka'a ta uku waƙar ta tsaya a tsakiyar baiti. Bitrus ba ya tsayawa a tsakiyar baiti. Na sallame a gurguje na ruga.

Na same shi kife, goshinsa a kan galan. Na kama ƙafafunsa na ja, ni ma ɗakin yana juya mini, ina ihu. Mai gadi da direban gidan suka taimaka muka fito da shi kan ciyawa. Kun san abin da muka fara yi? Madara muka huda muna ɗura masa a baki, mutum a sume, tana fitowa ta hanci. Direban ne, Allah ya saka masa, ya daka mana tsawa ya ce a sa shi a mota.

Likitar da ta karɓe shi ba ta raga mini ba. Ta ce, "Malam, madara ciki take zuwa. Abin nan ta huhu ya shiga jini. Saura kaɗan ku shaƙe shi da madarar taku." Ta yi mini bayani cewa tururin ruwan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa na ƙasa ya faɗi na kan tsani ya tsira. Ta ce tsumman da muke ɗaurawa a hanci ba ya tare komai. Bitrus ya farfaɗo, amma ta ce zuciyarsa ta taɓu, in ya sake shiga rufaffen ɗaki da wannan abu, kada mu sa ran zai fito da ƙafarsa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji kunya, domin da hannuna na ja ƙofar nan.

Ta rubuta takarda ta ba ni, ta ce in kai ofishin da ke kula da irin waɗannan kaya, ai ya kamata a ce an sa wa abin doka. Na sa rigata ta Juma'a na tafi. Na sami wata ma'aikaciya, Madam Ladi, mace mai kirki, ta karanta har ta dafe ƙirji. Ta ce an daɗe da fara maganar, akwai fayil a kai, amma fayil ɗin yana Legas, ba a kwaso ba. Na koma bayan wata biyu, ta ce an kwaso, amma yana cikin kwalaye, kabad ɗin da za a jera su an kai gyara. Na ce, "Madam, ai mu ne masu gyaran." Muka yi dariya, dariyar da ba daɗi. Na sake komawa, an kafa kwamiti. Na sake komawa, shugaban kwamitin an yi masa canjin wurin aiki. Na sake komawa, masu shigo da kayan sun nemi a ba su lokaci, za a yi nazari. Ban ce wani ya yi mugunta ba. Kowa na zaune a kujerarsa yana jiran na sama da shi, galan kuwa na nan jere a kasuwa, ko yaro ka aika za a sayar masa.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Na ce ba zan ƙara aiki da rimuba a ɗaki ba, sai 'yan kwangila suka daina nemana. Magana ɗaya ce a bakinsu: "Gwamnati ta hana ne?" In ka ce ba ta hana ba tukuna, sai su ɗaga kafaɗa su kira wani. Muka ji labarin wani mai irin aikinmu a wani gida, shi ba a fito da shi da rai ba, aka ce farfaɗiya ce. Bitrus kuwa yana gida, ya rame, in ya hau ɗan tudu sai ya tsaya yana haki. Matarsa ce ke riƙe da gidan da tuyar ƙosai, ga 'ya'ya huɗu.

Ana nan sai Oga Tunde ya zo, ɗan kwangilar da muka fi yi wa aiki. Wani babban gida ne a Maitama za a tare, ƙofofi da kabad na bango da matattakala duk katako, an shafe su da wani baƙin mai mai kauri, matar gidan ta ce ba ta so. Kwana uku ya bayar. Na ce ba zan iya ba. Ashe daga wajena gidan Bitrus ya wuce. Da la'asar sai ga Bitrus a rumfa da buroshinsa a aljihu.

"Liman, na karɓa."

"Ka karɓi me? Ka haukace ne? Ba a gabanka likita ta yi magana ba?"

"Na ji ta. Amma wata nawa ina zaune mace tana ciyar da ni? Yarana suna kallona. Zan riƙa fita ina shan iska."

"Wace iska? Wancan karon ka san lokacin da ka faɗi?"

Ya ce, "Jibi da safe zan shiga, ko da kai ko ba kai."

Na san shi, in ya faɗa ya gama. Raina ya ɓaci. Na zage shi, na ce masa ƙaton banza. Da ya tafi na rufe rumfa na nufi Durumi.

Na sami Baba Shekwolo yana gyara rumbun doya. Na kwashe duka na gaya masa. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni abin da ko a mafarki ban taɓa tambayar kaina ba.

"Ƙofan nan, a wurin ya tsiro?"

"A'a, Baba."

"To me ya sa kuna bi shi cikin ɗaki? Cire shi ka kawo waje."

Na ce matattakala fa, ita ba ta ciruwa. Ya ce kwalba ta ƙare a duniya ne? Na ce kwana uku ne, hannu huɗu ba za su iya ba. Ya ce an gama haƙar doya, mutanensa suna zaune, kuma babu macen gidansu da ba ta iya kankare ƙwarya da turmi ba tun tana yarinya. Na ce ƙura fa? Ya dube ni kamar ranar da na zaɓi ƙatuwar kwalba. Ya ce kankara ba ruwanta da ƙura, sai ranar shafa mai, ranar kuma a kewaye wurin da zana, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a shafa da sassafe kafin tifofi su fito.

Ranar aikin, mai gadin gidan ya buɗe ƙofa ya ga dattijo da sanda, bayansa mata da maza sun fi goma, kowa da ƙullin fasassun kwalabe. Ya ce, "Oga Sule, biki ne?" Ni da Bitrus muka bi ɗaki-ɗaki muna kwance ƙofofi, muna sa wa kowace lamba da alli don kada ta ɓace wa ɗakinta. Matan nan suka riƙa ɗaukar su a kafaɗa, yadda suke ɗaukar itace, suna jerawa a ƙarƙashin bishiyoyin bayan gida. Muka buɗe duk tagogin gidan, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara shiga gidajen manya. Galan ɗin da Oga Tunde ya aiko, Baba ya sa aka ajiye su can bakin katanga, ya zauna a kusa da su da sandarsa.

Da rana Oga Tunde ya iso. Ya ga ƙofofin mutane a waje, ya ga mata zaune suna kankara suna hira da yarensu, ya ɗora hannu a ka.

"Sule! Ka kashe ni! Wannan wane irin aikin ƙauye ne? Ina rimuba da na saya?"

"Ga shi can, oga, ba a taɓa ba. Ka mayar."

"Gwamnati ta hana ne?"

Bitrus ne ya amsa, yana durƙushe a kan matattakala da gilashi a hannu. Ya ce, "Oga, ba ta hana ba. Mu muka hana."

Ba mu gama a kwana uku ba, kada in yi muku ƙarya. Kwana huɗu da rabi muka yi, kuma Oga Tunde ya zage mu a kowace rana daga cikinsu. Yatsunmu duk suka yayyanke. Wata baiwar Allah ta kankare lambar da na sa wa ƙofa, muka yi awa biyu muna yawo da ita muna gwadawa. Amma da matar gidan ta zo, ta tsaya a gindin matattakala ta shafa katakon da tafin hannu. Rimuba yana barin katako ya yi fari-fari kamar ya yi zazzaɓi, kwalba kuwa tana fito da jijiyarsa da launinsa na asali. Ta tambaya wane mai muka sa. Na ce man da kowa ke sawa ne, Hajiya, kankarar ce daban. Ta shiga ɗakunan tana jan numfashi, ta ce ita abin da ya fi burge ta, yau za ta iya kwana da jikokinta a gidan, ba wari. Ta tambayi sunana ta rubuta.

Daga gidan nan ne abin ya juya, a hankali. Matan manya suna da bakin gaya wa juna. Aka fara zuwa rumfa ana tambayar masu cire ƙofa. Sauran masu aikin da suka yi mana dariya suka fara leƙowa suna kallon yadda ake zaɓar kwalba. Muka zauna mu da muke layin nan muka yi magana ɗaya: ba mai shafa rimuba a cikin ɗaki, ko na waye. Wanda ya karya, ba mai ara masa tsani, ba mai kama masa kaya. Bayan 'yan shekaru ma muka bar shi gaba ɗaya, ga samfefa ta inji ta zo, ga wasu ruwan da ba su da wannan mugun tururi, ko da yake ba su da saurin cin fenti. Matar da ke sayar mana da kayan aiki ta ga galan suna tsatsa a shagonta, ta daina sarowa. Madara kuwa muna sha har yanzu, amma a shayi.

Kada ku ce an gama. Ku shiga wasu kasuwannin za ku same shi, da sabon suna da sabon galan. Shi ya sa duk wanda ya zo koyo wajena, kafin ya taɓa buroshi sai ya koyi abu uku. Ya karanta jikin galan, in bai iya ba ya kai wa wanda ya iya. Ya buɗe taga kafin ya buɗe murfi. In kuma abokin aikinsa yana ciki shi yana waje, ya riƙa kiran sunansa yana jin amsa. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa, ga hanya nan, ya je ya sayar da katin waya.

Bara waccan, muna zaune a rumfa, sai ga wata yarinya da katin aiki a wuya da takardu a hannu. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce daga ofis aka turo ta, ana nazari a kan ruwan cire fenti, ana so a san ko yana da illa ga masu aiki da shi. Na dube ta. Lokacin da na fara kai takarda ofishinsu, na tabbata ba a haife ta ba. Na so in yi faɗa, wallahi har ya zo mini wuya, amma na ga ita ba ta da laifi, kuma ga shi dai an zo. Na sa aka ba ta kujera.

Ta ce ko za mu ba ta kaɗan a kwalba ta kai a gwada. Aka bi layin nan shago-shago, ba a samu ko cokali ɗaya ba. Ta yi mamaki, ta rubuta. Sannan ta karanto tambaya ta gaba, ko mun san wani da abin ya taɓa yi wa lahani.

Na nuna mata Bitrus. Yana gefe a kan benci, kansa fari fat, tabarau a hanci, yana bin ƙafar wani tebur da gilashi a hankali. Tun shekarar nan bai ƙara ɗaukar abu mai nauyi ba, amma a layin nan babu mai hannunsa. Ya ba ta labarin tun daga ɗakin karatu, tana rubutu har takardarta ta cika ta juya baya. Da ya gama ta duba fom ɗin ta ce, cikin jin nauyi, "Baba, akwai wurin da aka ce a rubuta abin da ya faru da mutumin daga baya."

Bitrus ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"'Yata, rubuta ya aurar da yara huɗu, ya ga jikoki. Rubuta yana nan da ransa, yana jiranku."